Yadda ake kula da yara a gidan da ake jinyar ciwon da ba ya warkewa

Ranar da likita ya ja manyan gida gefe ya ce ciwon ya wuce magani, abin da ya rage shi ne a rage wa majinyaci zafi a kyautata masa sauran kwanakinsa, hankalin kowa kan koma kan mai ciwon da kuɗin magani. Yara kuwa sai a ce su je waje su yi wasa. Na daɗe ina aikin jinya a Katsina, ina bin gidajen da aka sallamo masu kansa (ciwon daji) da ciwon ƙoda da ciwon hanta, kuma a kowane gida yaran nan da aka kora waje sun riga sun san akwai wani abu. Suna ganin Umma tana share ido a kicin, suna jin an yi shiru da zarar sun shigo ɗaki. Abin da ba a faɗa masu ba sai su ƙirƙiro shi da kansu, kuma nasu kan fi gaskiyar ban tsoro.

A manyan asibitocin Amurka akwai ma'aikata da aikinsu ke nan kacokan: shirya yaro kafin a yi masa wani aiki, yi masa bayanin ciwo ta hanyar wasa, da tsayawa tare da shi idan mutuwa ta kusanto gidansu. Wata mata mai suna Emma Plank tana cikin waɗanda suka kafa sana'ar, a wani asibiti a Cleveland a 1955. Ita kuma jinyar sassauta zafi ta zamani ana danganta ta da Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, kuma a nan Najeriya Farfesa Olaitan Soyannwo ta Ibadan tana cikin waɗanda suka fara ɗaga ta. A wajenmu da wuya iyali su samu ma'aikacin da aka ware wa yara kaɗai, don haka aikin kan faɗa kan wata goggo ko inna ko yaya. Da ita nake magana a nan, shi ya sa zan riƙa cewa "ke", amma kawu ko baffa ma zai iya.

Kayan da za ki tanada

Ba su da tsada, yawancinsu suna cikin gida.

'Yar tsana ta tsumma, wadda za a iya manna wa filasta. In babu, ki cusa tsummoki a cikin tsohuwar safa ki ɗaure wuya ki zana mata ido. Ga namijin da zai ce shi ba ya wasan mata, ki ce masa wannan majinyaci ne, shi kuma likita.

Sirinji sabo wanda aka cire wa allura, bandeji, filasta, auduga, safar hannu, da guntun robar ƙarin ruwa sabuwa. Ki roƙi nas ko ki saya a kemis. Kada ki taɓa ba yaro wanda aka yi amfani da shi, ko da an wanke.

Littafin rubutu, fensir da kala. In ba su samu ba, gawayi da bayan kwali sun isa, ko yumɓu a yi gini.

Waya mai ɗaukar murya, da memori ko wayar wani ɗan'uwa da za a ajiye kwafi na biyu.

Akwati mai kwaɗo don magunguna. Wannan ba na zaɓi ba ne. Ruwan mofin, maganin zafi mai ƙarfi da ake ba masu kansa, yana kama da maganin yara, kuma ɗan kaɗan zai iya tsayar wa yaro numfashi. In kin ga yaro ya sha, ko kin same shi yana wani irin barci mai nauyi, numfashi a hankali, ƙwayar ido ta ƙanƙance, kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai. Ki ɗauke shi da kwalbar ki nufi asibiti mafi kusa.

Sai wuri: tabarma a zaure, ko ɗakin kaka, inda ba a shiga da fita.

Mataki na 1: Ki daidaita bakin manya tukuna

Kafin ki ce wa yaro uffan, ki zauna da wanda ya ji bayanin likita da kunnensa. Ki tambayi sunan ciwon, ko yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, da abin da ake sa ran gani a makonni masu zuwa. Kansa ba ta yaɗuwa ta haka, haka ciwon ƙoda da sikila da shanyewar ɓarin jiki. Tarin fuka kuwa yana yaɗuwa, kuma a nan dole a tambayi likita yadda yara za su kusanci majinyaci da ko su ma sai an duba su.

Daga nan ki nemi izinin majinyacin, in yana cikin hayyacinsa, da na maigida ko babban da ke riƙe da gidan. Wasu iyayen za su ce a'a. Kada ki yi jayayya, kada kuma ki zagaya ta bayansu. Ki ce, "Yaya, ba cewa zan yi za ka mutu ba, wannan sanin Allah ne. Bari dai in faɗa masu ciwon mai tsanani ne, don kada su ji a bakin 'yan unguwa." Sau da yawa wannan kan buɗe ƙofa.

A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, ki tabbata matan duka sun ji magana ɗaya. Yaran ɗakin nan da na wancan tare suke cin abinci, in labari ya bambanta kafin la'asar sun haɗa shi sun gane wani na yi masu ƙarya. Abin da na fi ja wa manya kunne a kai shi ne zancen sammu da jifa. Ko me mutum ya yarda da shi a ransa, kada a faɗe shi a gaban yaro. Yarinya 'yar shekara 8 da ta ji an ce kishiyar uwarta ce ta yi wa Baba asiri za ta riƙe wannan har girmanta, a kuma gidan za ta ci gaba da zama da matar da 'yan'uwanta.

Mataki na 2: Ki raba yaran bisa shekaru

Kada ki tara ɗan shekara 4 da ɗan 14 ki yi masu bayani guda.

'Yan ƙasa da shekara 3 ba su gane ciwo ko mutuwa ba, amma suna gane uwa ta ɓace ko ta canza. Abin da suke buƙata mutum ɗaya ne tsayayye da zai riƙa goya su yana ba su abinci, maimakon a yi ta miƙa su hannu-hannu.

Daga 3 zuwa 6 yaro kan ɗauki mutuwa kamar tafiya ce da ake dawowa. Kuma a wannan shekarun ne yake zaton abin da ya faɗa ko ya yi shi ke jawo abubuwa. Wanda aka taɓa ce wa "za ka kashe ni da rashin ji" zai iya yarda cewa shi ya kwantar da uwarsa, kuma ba zai faɗa wa kowa ba.

Daga 7 zuwa 11 sun fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Su ne masu tambayoyin da ke sa manya kunya: yaya cikin kabari yake, wa zai biya kuɗin makaranta, ni ma zan kamu?

'Yan 12 zuwa sama sun gane komai kamar manya, sai dai ba su da ƙarfin ɗauka irin na manya. Ki yi masu magana su kaɗai, su fara ji kafin ƙannensu. Kada ki manta da wanda ke makarantar kwana ko aka kai tsangaya wani gari. Shi ne aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi jin ciwo in ya dawo ya tarar an gama komai.

Mataki na 3: Zama na farko

Ki zaɓi safiya ko yamma, ba daf da kwanciya barci ba. Ki zauna ƙasa tare da shi. Kada ki fara da bayani, ki fara da tambaya: "Me ka lura da shi game da jikin Baba kwanan nan?" Sai ki yi shiru. Amsar da zai ba ki ita za ta nuna inda za ki fara da kuskuren da za ki gyara.

Bayan haka ki faɗi sunan ciwon da bakinki. Ga ƙaramin yaro wannan ya isa: "Baba yana da wani ciwo a hantarsa, sunansa kansa. Ba irin zazzaɓin da kake yi ka warke ba ne. Likitoci sun yi ƙoƙari, maganin bai kore shi ba. Yanzu suna ba shi maganin da zai rage masa zafi." Dalilin faɗin sunan shi ne, in kika ce "ba shi da lafiya" kawai, ranar da yaron ya yi mura zai ɗauka tasa ta zo.

Akwai abu uku da za ki faɗa ko bai tambaya ba. Ba kai ka jawo ba, ba wani abu da ka yi ko ka faɗa. Ba za ka ɗauka ba (in likita ya tabbatar da haka). Kuma ko me ya faru akwai masu kula da kai, ki kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

In ya tambaya kai tsaye, "Goggo, Baba zai mutu?", nan ne manya da yawa kan ruɗe su ce "Haba, wa ya faɗa maka? Gobe zai tashi." Kada ki yi alkawarin da ba a hannunki yake ba. Ki ce, "Rai a hannun Allah yake, ba wanda ya san rana. Amma ciwon mai tsanani ne, likitoci sun ce mai yiwuwa shi ne ajalinsa. Muna yi masa addu'a, muna tare da shi." Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, bai kuma yaudari yaron ba.

Zaman kada ya wuce minti 10 zuwa 15 ga ƙanana. Bayani ana ba yaro shi ne kamar yadda ake ba jariri kunu, cokali-cokali, a jira ya haɗiye. Kada ki yi mamaki in kina gama magana ya ce zai je ƙwallo. Ba rashin imani ba ne, iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan a yau, zai dawo da tambaya bayan kwana biyu lokacin da kike tsakar wanke-wanke. In hawaye ya zo maki ki bar shi ya zubo, ki ce masa kina kuka ne don kina son Baba. Yaron da bai taɓa ganin babba na kuka ba kan ɗauka nasa kukan laifi ne.

Mataki na 4: Wasan asibiti

Nan 'yar tsana ke aiki. Ki shimfiɗa kayan a tabarma ki bar yaron ya taɓa. Ki manna wa tsanar roba a hanci da filasta ki ce, "Irin wannan aka sa wa Umma, ta nan abinci ke shiga cikinta tunda haɗiya na yi mata wuya." Haka robar fitsari, haka ƙarin ruwa, haka abin iskar oksijin. Sai ki miƙa masa sirinji ya zama likita.

Daga nan aikinki kallo ne da saurare. Yaron da ke caka wa tsana allura yana cewa "don ba ka jin magana" ya gaya maki cewa a ganinsa ciwo horo ne. Kada ki tsawata. Ki shiga wasan ki ce, "Likita, ai allura ba ta masu laifi ba ce, ta masu ciwo ce don su ji sauƙi." Zane ma haka: ki ce ya zana gidanku, ki tambaye shi wane ne wannan, ina Baba yake. Kada ki fassara masa zanensa, shi zai fassara maki.

Ga manya-manyan yara da suka wuce tsana, dara ko tafiya zuwa shago ko tsinkar zogale tare sun fi zaman fuska da fuska. Saurayi ɗan 15 ya fi buɗe baki idan ba a kallon idonsa.

Mataki na 5: Shiga wajen majinyaci

Ko a gida ne ko a asibiti, ki gaya wa yaro abin da zai gani kafin ya gani. "Baba ya rame sosai, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Wataƙila yana barci, wataƙila ba zai gane ka nan da nan ba. Ɗakin yana da warin magani." Wanda ya dawo daga gashi (ƙona ciwon kansa da na'ura) a asibitin Shika da ke Zariya ko na Sakkwato, ko aka yi masa allurar kansa sumarsa ta zube, kamanninsa kan canza ƙwarai, a nan hoton waya da aka nuna wa yaro tukuna yana taimakawa.

A asibiti ki tambayi nas mai kula da ɗakin tun da wuri, domin ba kowane ɗaki ake barin yara ba, kuma akwai lokacin ziyara. Ki zaɓi sa'ar da maganin zafi ya fara aiki, an gyara majinyaci an rufe abin da ya kamata a rufe. Yaro ya wanke hannu da sabulu shiga da fita, mai mura ko tari ya dakata. Ki tsaya kusa da ƙofa tare da shi, ki ce duk lokacin da ya so fita ya ja hannunki. In ya toge a bakin ƙofa kada a tura shi, kada a ce "ubanka ne fa". Ya yi zane a kai, ko ya yi sallama ta waya, gobe a sake gwadawa.

Iyalan da ke zuwa daga Daura ko Mai'aduwa ko Baure jinya a Katsina ba sa iya kwaso yara kullum. Ku tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan magariba, a kira su ji muryar juna ko da na minti biyu ne.

Mataki na 6: Ki ba kowa aikinsa, amma daidai ƙarfinsa

Yaron da aka ba abin yi ya fi wanda aka bari yana leƙe natsuwa. Ɗan shekara 4 zai iya kawo mafici ko ya shafa wa Kaka mai a hannu. 'Yar 8 za ta iya jiƙa auduga ta goge mata leɓe, ko ta karanta mata haddar da aka ba ta a Islamiyya. Babban zai iya karanta mata Alƙur'ani ko ya kunna mata rediyo lokacin labarai.

Abin da ba na yara ba: auna magani, wanke gyambo, kwashe ba-haya, da kwana su kaɗai da majinyaci. Kuma ga wadda nake tausaya wa a kusan kowane gida, babbar 'ya mace. Ita za a cire daga makaranta, ita ce girki, ita ce raino, ita ce jinya, in kuɗi ya ƙare ita za a ɗora wa talla. Kowa na yabonta da hankali, ba wanda ke tambayar ta ya take. Ku raba kwanakin jinya tsakanin manya a rubuce, a manna a bango, a bar ta ta je makaranta. In dole sai ta taimaka, a sa iyaka, a kuma ware mata ranar da ba ta da aikin kowa.

Sauran rayuwa ta ci gaba yadda aka saba: boko da safe, allo ko Islamiyya da yamma, tatsuniya da dare in ana yi. Ki je ki sanar da malamin aji da malamin Islamiyya a asirce, don kada a zane yaro kan rashin hadda alhali bai yi barci ba. Batun kwashe yara a kai su gidan dangi kuwa, in ya zama dole, a gaya masu dalili da ranar da za a zo ganinsu, kada a raba 'yan ɗaki ɗaya in da hali.

Za ki ga canje-canje: fitsarin kwance ga wanda ya daina, tsotsar yatsa, ciwon ciki da safe, faɗa da ƙanne, manne wa uwa. Bugun yaro ba ya gyara ko ɗaya, ƙara su yake.

Mataki na 7: Abin da za a bar wa yara

Ki yi wannan da wuri, tun majinyaci na iya magana, domin murya kan tafi kafin rai. Mutanenmu ba sa son abin da ya yi kama da bankwana, saboda haka kada ki kira shi haka. Ki ce, "Inna, ba mu labarin yadda aka yi bikinki mu ɗauka," ko "Baba, yi wa auta addu'a in ɗauka masa, ya riƙa ji in ka yi barci." Mai alkunyar ɗan fari, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, sau da yawa takan iya faɗa wa waya abin da ba za ta faɗa a gabansa ba. Ki tura kwafi wayar wani, waya na ɓata tana lalacewa.

Hula, carbi, zane ko Alƙur'anin da yake karatu da shi, in majinyaci na son ba wani yaro, ya miƙa da hannunsa a gaban manya tun yana da rai, don kada abin ya shiga rigimar gado daga baya. A kula kada a ba wani a hana wani.

Idan yaron ne da kansa majinyaci

Duk abin da ya gabata yana aiki, da ƙarin abu kaɗan. Yaro mai ciwo mai tsanani yakan san halin da yake ciki fiye da yadda iyaye ke zato, yakan kuma yi shiru don kada uwarsa ta yi kuka. Ki buɗe masa hanya da tambaya: "Me ya fi damunka da dare?"

Kada a ce masa allura ba zafi. A ce za ta yi zafi kaɗan, kafin mu ƙirga goma an gama. Ƙarami a gaya masa daf da lokacin, babba a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya shirya. Maimakon mutum huɗu su danne shi a gado, uwa ta ɗora shi a cinya, ƙirjinsa a nata, hannun da za a yi wa aiki a waje. Jariri a ba shi nono lokacin allurar. Mai wayo ya hura balan-balan ko kumfar sabulu, hurawar kan sa numfashi ya daidaita. A ba shi zaɓi inda akwai zaɓi, hannun dama ko hagu, da cokali ko da kofi. Don sanin yawan zafinsa, ki zana fuskoki biyar daga mai murmushi zuwa mai tsananin ciwo, ya nuna tasa, ki rubuta da lokaci ki nuna wa likita. Yaron da ya yi lamo ba ya motsi ba lalle ne ya samu sauƙi ba, wani zafin ne ya hana shi motsi. 'Yan'uwansa kuma a ware masu ɗan lokaci, domin sukan ji kishi sannan su ji kunyar kishin.

Mataki na 8: Kwanakin ƙarshe da ranar rasuwa

Idan majinyaci ya daina cin abinci, barci ya yawaita, hannu da ƙafa suka yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa ko ya fara gargara, lokaci ya matso. Ki gaya wa yara da kalmomi masu sauƙi, ki bayyana masu cewa ƙarar maƙogwaron majina ce da ba ya iya haɗiyewa. Ki aika a ɗauko na nesa. Wanda ke son shiga ya riƙe hannu ya yi addu'a a bar shi.

Tunda a wajenmu ba a jinkirta jana'iza, ku yanke tun yanzu wa zai ɗauko yara daga makaranta, wa zai faɗa masu. Mafi munin abu shi ne yaro ya dawo da jakarsa ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ya ji a bakin maƙwabci.

Ki yi amfani da kalmar kai tsaye: "Baba ya rasu, ya mutu. Jikinsa ya daina aiki, ba ya numfashi, ba ya jin zafi, ba zai dawo ba." Kada a ce ya yi barci, yaron zai ji tsoron kwanciya. Kada a ce ya tafi Makka ko Legas, zai yi ta jira a zaure, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da ku. Ko "Allah ya ɗauke shi don yana son sa" sai an yi hattara da ƙarami, don yakan ji tsoron kada shi ma a so shi. Ki bayyana abin da zai biyo baya, wanka, likkafani, salla, kaiwa makwanci. Ganin fuska a tambaye shi, kada a tilasta, kada a hana. Namijin da ya yi wayo in yana son bin jana'iza, a haɗa shi da kawu ɗaya da ba zai sake hannunsa ba. In gidan Kirista ne tsarin ya bambanta, amma shirya yaron ɗaya ne, a sa fasto a ciki.

Masu cewa "yi shiru, kuka na ƙona mamaci" ko "kai namiji ne" ki janye yaron daga gabansu cikin ladabi. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma ya tsaya ya tambayi wani ƙaramin yaro, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi. In akwai malamin da yaran suka saba da shi, ki roƙe shi ya faɗa masu haka da bakinsa.

Mataki na 9: Bayan an watse

A kwana ukun zaman makoki gida cike yake, ba wanda ke lura ko yara sun ci abinci, ki ɗauki wannan a kanki. Wahalar kan fara ne bayan baƙi sun tafi. In uba ne ya rasu, ki bayyana wa yara takaba, cewa Umma za ta zauna a gida wata huɗu da kwana goma, ba ciwo take ba, ba kuma fushi take da su ba. Zancen wa zai riƙe wa, kada a yi shi a kansu kamar ba sa ji, a kuma hana mutane nuna yaro ana "Allah sarki, maraya". Ya koma makaranta cikin mako ɗaya ko biyu. A riƙa ambaton mamacin a hira, a kunna muryar in yaro ya nema. Ƙarami zai sake tambayar yaushe Baba zai dawo sau da yawa, ki ba shi amsa iri ɗaya kowane lokaci. Azumi da sallar farko sukan tayar da abin, ki matso kusa a lokacin.

Ki kai yaro asibiti, wajen likitan yara ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, in bayan wata biyu zuwa uku abin ƙaruwa yake maimakon raguwa: yana ramewa, ba ya barci, ya daina magana da wasa, ya ƙi makaranta gaba ɗaya, ko matashi ya fara kwana a waje da shaye-shaye. Wanda ya ce yana son ya mutu ya bi mamacin, ko ya ji wa kansa rauni, ba a jiran wata biyu, a ranar za a kai shi, a kuma kwashe ragowar magungunan jinya daga gidan a mayar asibiti.